Rabin Hoton Ɗayyabu

A kamfanin robobin nan da ke can ƙarshen Sharaɗa, inda ake narka roba a fitar da bokitai da butoci, 'yan ofis ne kawai suka san Zulaihatu da sunanta. Sauran ma'aikata Mai Kwamfuta suke ce mata, sai ka ce ita ta haifi na'urar. Ita ta rubuta manhajar da ke bakin ƙofa, wadda ke duba fuskar kowane ma'aikaci da safe ta shaida cewa ya zo. Kafin zuwanta kati ake bugawa, kuma ba sai an gaya wa kowa yadda aka yi da katin ba. Mutum ɗaya zai zo da na abokansa cike da aljihu ya buga musu, su kuwa suna wajen mai shayi ana musun ƙwallo. Da Alhaji Uba manaja ya gaji, sai ya ce a kawo masa abin da ba ya shiga aljihu. Aka kawo kyamara, aka ɗauki Zulaihatu aiki.

Maza ba su ja ba. Wasu ma har gyara zaman hula suke yi kafin su tsaya gaban abin. Rigimar daga sashen mata ta ɓullo, masu kankare bakin bokiti da wuƙa su jera a ɗaure, domin da yawansu da niƙabi suke zuwa aiki. Suna da wata babba a cikinsu, Aina'u, mutuniyar wani ƙauye ta wajen Magariya a Nijar. Ba wanda ya naɗa ta shugaba, amma in ta ce a tsaya, ko mai gadi tsayawa yake yi. Ita ta tako har ɗan ɗakin da Zulaihatu ke zama, ta ƙi kujera, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, wannan abin in ya ga fuskata, ina yake kai ta?"

Zulaihatu ta yi ɗan tunani, ta ce, "Yaya Aina'u, kin ga yadda famfo ke zubo da ruwa? Haka kyamara ke turo hoto. Ba dunƙule guda yake zuwa ba, kaɗan-kaɗan yake gangarowa, daga sama zuwa ƙasa. Ni kuma na tara masa wani ɗan mazubi a cikin kwamfuta, fayil na wucin gadi muke ce masa. In ya cika, na'ura ta auna fuskar, ta ga ke ce, sai ta zubar da shi nan take."

"Ta zubar a ina?"

"Ta goge shi. Abin da ke zama lambobin awo ne kawai. Ko ni na kalle su ba zan ga hancinki ba."

"Ki rantse."

Zulaihatu 'yar gidan malamai ce a Nassarawa, gidan da ba a rantsuwa a kan abin duniya ko da an matsa wa mutum. Sai ta ce, "Ba zan rantse ba, Yaya, amma na ɗauke shi amana a wuyana. Fuskar mace ba za ta kwana a cikin kwamfutar nan ba."

Aina'u ta daɗe tana kallonta ta saman niƙabi, sannan ta ce to. Aka kewaye kyamarar mata da labule, kowacce ta shiga ta ɗaga mayafi ta sauke ta wuce. Zulaihatu kuwa, a cikin duk layukan umarnin da ta rubuta, babu wanda take ji da shi kamar ɗan gajeren layin nan da ke cewa a goge. In ƙawayenta na makaranta suka tambaye ta me take yi a kamfanin bokiti, shi take fara ba su labari.

Aina'u tana da ƙane a kamfanin, Ɗayyabu, wanda ke kan injin niƙa tsohuwar roba. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, yana da tabo a saman girar hagu inda narkakkiyar roba ta taɓa fallatso masa. Kullum da wata shuɗiyar hular saƙa a kansa, wadda ta koɗe har ta fara komawa ruwan toka. Shi kaɗai ne a kamfanin yake gaida kyamara. Zai tsaya ya ɗan rusuna ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya aiki?" Na baya su yi ta dariya suna tura shi. Amma in wani ya ɗaga waya zai ɗauke shi, sai ya kare fuska da tafin hannu ya ce a bari, shi hoto sai ranar da za a yi masa fasfon Makka.

Aka yi ta tafiya lafiya har damina ta kama. Wata safiya kwamfutar bakin ƙofa ta fara nauyi, tana ƙorafin wuri ya kusa cika mata. Zulaihatu ta yi mamaki, don abin da ba ya ajiye komai me zai cika shi? Ta buɗe ma'ajiyar fayilolin wucin gadi, wadda ya kamata ta tarar da ita wayam, sai ta gan ta cike maƙil.

Ba ta sha wahalar gano dalili ba. A Sharaɗa wuta ba ta sallama in za ta tafi, kuma ta fi son tafiya daidai lokacin da masu aikin safe ke shigowa. Batirin da ke riƙe kwamfutar kafin a tada janareta ya daɗe da mutuwa. Ta rubuta a saya, ta sake rubutawa, Alhaji Uba yana cewa insha Allahu, irin insha Allahun da kowa ya san ma'anarta. To duk sanda wuta ta ɗauke bayan hoto ya sauka amma na'ura ba ta gama awo ba, kwamfutar sai ta mutu kafin ta kai ga layin gogewa. In ta farfaɗo, ba ta tuna da abin da ta bari a baya. Haka hotuna suka yi ta taruwa wata da watanni, ita tana yawo tana ba da labarin layinta.

Ta buɗe na farko don ta tabbatar. Wani dattijo ne na sashen lodi. Ta buɗe na biyu, sai ga Ɗayyabu, fes da shi, ya rusuna yana dariya, wushiryar nan a waje, da alama yana tsakiyar gaida Hajiya wuta ta tafi. Har ta ɗan murmusa. Na uku da ta buɗe mace ce, ta ɗaga niƙabi da hannu ɗaya, ga labule a bayanta. Zulaihatu ta rufe da sauri. Kunya ta kama ta, da tsoro, da haushin kanta. In maganar nan ta fita, ba aikinta kaɗai ne zai tafi ba. Akwai matan da mazansu suka bar su suna zuwa ne kawai saboda an ce musu ba a ajiyewa.

Ba ta tashi daga wurin ba sai da ta rubuta umarnin da zai share duk wani kammalallen hoto da ke ciki. Kuma ba sharewar je-ka-na-yi-ka ba. Ta san abin da aka goge sama-sama gwani na iya tono shi, don haka ta sa aka bi gurbin kowane hoto aka cike shi da shirme, yadda ko wanda ya ƙera kwamfutar ba zai dawo da shi ba. Ta gyara manhajar ta riƙa share ragowa duk sanda ta farfaɗo. Da ta gama ta sauke ajiyar zuciya, ta yi alwala ta yi azahar da sanyin rai, tana jin ta sauke nauyi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Mako bai zagayo ba Ɗayyabu ya ɓata.

Ranar hutunsa ce. Ya fita daga ɗakin da yake haya a Zawaciki ya ce za shi Bompai, wajen wani ɗan garinsu da ke gadin sito, zai kai masa turmin atamfa, in ya tashi zuwa gida ya kai wa tsohuwarsu. Ɗan garin ya ce bai iso ba. Ƙaramar wayarsa in an kira sai a ji a kashe. Aina'u ta bi abokansa, ta bi tasha, ta leƙa asibitoci, ta je wajen 'yan sanda. Ko'ina tambaya ɗaya ake yi mata, ina hotonsa? Katin shaidarsa na can Nijar ya daɗe da narkewa a aljihun wanki, bai sake wani ba. Aka kai cigiya gidan rediyo, aka ce dogo ne, baƙi, sanye da yadi ruwan toka da hula. Allah na tuba, rabin mazan Kano ke nan.

Zulaihatu ta ji labarin a bakin masu shara, ta ce Allah ya bayyana shi, ta ci gaba da aikinta. Sai da ta ɗago kai ta ga Aina'u tsaye a ƙofarta, a daidai inda ta tsaya wancan karon, sannan hoton nan mai dariya ya faɗo mata a rai.

Wannan karon Aina'u ta karɓi kujera. Ta zauna a bakin-bakinta, ta rame, muryarta ta dushe.

"Malama, na san abin da kika gaya mini. Ni na sa ki kika faɗa, ban manta ba. Shi ya sa ban zo ba tun farko. Amma na rasa inda zan sa kaina. Yaron nan kullum sai ya tsaya gaban abin nan. Ko sau ɗaya bai maƙale ba? Ko a gindin mazubin, yadda ruwa ke saura?"

Zulaihatu ta mayar da idonta kan kwamfutar. Da a ce matar nan ta zo da faɗa ne, da ya fi mata sauƙi.

"Babu, Yaya," ta ce. Gaskiya ta faɗa, amma ba ta taɓa jin gaskiya ta yi mata ɗaci a baki haka ba.

"To. Na san ke mai riƙon amana ce." Aina'u ta miƙe. "Allah ya yi miki albarka."

Albarkar nan ta fi zagi ciwo. Zulaihatu ta koma gida ta kasa cin tuwo. Innarta ta tambaya ko zazzaɓi ne, ta ce ciwon kai ne. Ta riƙa ganin wushiryar Ɗayyabu ko ta rufe ido ko ta buɗe. Ta auna abin ta kowace fuska. Da ba ta goge ba ta ci amana, da ta goge kuma ga abin da ya biyo baya. Wa zai san haka za ta faru? Ba wanda zai sani. Amma wannan amsar ba ta sa ta ji dama ba ko kaɗan. Washegari ta gwada duk dabarar tono fayil da ta sani, ta kira wani abokin karatunta da ke gyaran kwamfuta a Bompai, ya zo ya duba ya girgiza kai.

"Wa ya yi wannan gogewar?"

"Ni."

"Ai kuwa kin iya aiki," ya ce, yana nufin yabo.

Aka yi kwanaki a haka. Aina'u ba ta zuwa aiki, tana can tana bin gari a ƙafa. Zulaihatu kuwa ta koma karanta manhajarta layi-layi, ba don tana tsammanin komai ba, sai don ta rasa abin da za ta yi da hannunta. A nan idonta ya faɗa kan wani abu da ita ta rubuta da kanta ta manta. In hoto ya fara gangarowa daga kyamara, ba ya samun cikakken suna sai ya gama sauka. Kafin nan wani suna yake ɗauka mai alamar bai ƙare ba, a wani ɗan lungu daban. Ita kuwa ranar da ta yi shara, kammalallu kawai ta ce a share. Waɗanda wuta ta yanke suna tsakiyar zuba, ba ta bi ta kansu ba.

Ta buɗe lungun. Suna nan, ba su da yawa. Ta fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani rufin kwano ne kawai da saman ƙofa, sauran duk toka-toka. Wani ƙoƙon hula. Wasu na mata ne, goshi da idanu, abin da niƙabi ma yake bari a gani, amma duk da haka ta kawar da kai ta wuce su da sauri. Ta kusa ƙarshe, ta fara cire rai, sai ga shuɗiyar hular saƙa.

Hular ta fito duka. Goshi ya fito, da tabon nan a saman girar hagu. Idanu sun fito, sun ɗan ƙanƙance irin na mai shirin dariya. Daga karan hanci zuwa ƙasa kuwa babu komai, sai fili ruwan toka kamar bangon da aka shafe da siminti. A nan wuta ta tafi.

Ta buga shi a takarda, ta zari jakarta, ko izini ba ta nema ba. Ta tari adaidaita sahu zuwa Zawaciki, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan su Aina'u. Ta tarar da Aina'u zaune a tabarma a tsakar gida, ƙafafunta sun kumbura, ta tsoma su a ruwan ɗumi cikin bokitin kamfaninsu. Zulaihatu ta durƙusa ta miƙa mata takardar.

Aina'u ta riƙe ta da hannu biyu. Sannan ta sa yatsa ta shafa tabon.

"Shi ne. Ina sauran?"

"Wuta ce ta ɗauke yana cikin sauka."

"Ashe dai yana maƙalewa."

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. Tana iya yin shiru a nan, ba wanda zai tuhume ta. Amma ta gaji da ɗaukar abin ita kaɗai. Ta gaya mata komai, batirin da ya mutu, hotunan da suka taru, na matan da ta gani, da na Ɗayyabu cikakke yana dariya, da yadda ta share su duka kafin ya ɓata da 'yan kwanaki.

"Har da nawa a ciki?"

"Ban duba duka ba. Mai yiwuwa."

"Kuma kika goge nasa."

"Na goge, Yaya."

Aina'u ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce babu komai ba. Ta fitar da ƙafafunta daga ruwan, ta goge da gefen zane, ta ce, "Tashi mu tafi, rana na yi."

Suka fara da Bompai, tunda can ya ce za shi. Motocin tirela sun cika titi, 'yan adaidaita na kutsawa ta tsakaninsu kamar ba su da iyali a gida. Suka nuna wa masu gadin sito, suka nuna wa mai rake da mai faci. Wasu su kalla su ce Allah ya bayyana, wasu su tambaya me ya cinye rabin fuskar. Wani mai faci ne ya ce kwanakin baya wata babbar mota ta fito da baya daga wani sito ta murƙushe adaidaita a kwanar can, an kwashi mutane an yi asibiti da su, amma shi bai ga fuskar kowa ba. Ya kwatanta musu asibitin.

Aina'u ta tsaya cak. "Na je can," ta ce. "Tun farko na je. Suka ce in kwatanta shi, na kwatanta. Suka ce masu kama da haka suna da yawa, kuma ba wanda aka rubuta da sunan nan."

Suka koma duk da haka. A ɗakin masu haɗari wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta karɓi takardar tana shirin mayarwa, sai ta dakata. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta sa tafin hannunta a kan wurin da ya yi toka, duk da ba abin da za ta rufe a wurin.

"Wannan ai mutumin gadon lungu ne," ta ce a hankali. "Haɓarsa ta karye, mun naɗe shi tun daga hanci har wuya. Iyakar abin da nake gani ke nan kullum in na zo wanke masa ciwo, goshin nan da tabon nan. Ba takarda a jikinsa, waya kuma ba ta zo da shi ba. Ku 'yan'uwansa ne?"

"Yayarsa ce," in ji Zulaihatu. "Yana ina?"

Matar ta kalli Aina'u, ta kalli ƙasa. Ta jawo kujera ta ce a zauna tukuna. Daga nan kowa ya san sauran.

Ya yi kwanaki a gadon, in ji ta, bai farfaɗo sosai ba, sai dai wani lokaci ya buɗe ido ya bi mutane da kallo. Shekaranjiya da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka jira ko wani zai zo, ba wanda ya zo, jiya bayan la'asar mutanen masallacin unguwa masu yi wa baƙi sutura suka sallace shi suka kai shi. Ta aika aka kira Malam Ado, dattijon da ke kula da ɗakin ajiye gawa, ya zo da wata leda. A ciki akwai shuɗiyar hula da turmin atamfa, jini ya bushe a gefe ɗaya.

Aina'u ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta sake faɗa, ta rungume ledar. Ba ta yi kururuwa ba. Hawaye kawai ke jiƙa niƙabin har ya manne mata a fuska. Zulaihatu ta tsaya a gefe tana lissafin da ba ta so ta yi. Ranar da Aina'u ta zo ofishinta, ita kuma ta ce mata babu, yana nan a gadon lungu da ransa, yana bin mutane da kallo. Ranar da ta kira mai gyara, yana nan. Rabin hoton nan kuma duk lokacin yana kwance a cikin kwamfutarta, taku kaɗan daga inda take zaune.

Malam Ado ya raka su maƙabarta ya nuna musu daga bakin katanga, don mata ba sa shiga. Sabon kabari ne a jerin ƙarshe, ƙasar ba ta bushe ba. Suka yi addu'a daga nan. A hanyar komawa, da suka kusa Zawaciki, Aina'u ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ki ƙara buga mini guda. Zan aika wa tsohuwa da atamfarta."

"Yaya, rabi ne. Ko in nemi mai zane ya cika shi?"

"A'a. Kada wani ya ƙirƙiro masa baki. Ta san idon ɗanta."

Aka yi zaman makoki aka tashi. Alhaji Uba ya je gaisuwa, ya dawo ya sa aka sayo batiri a ranar, ba tare da an sake rubuta masa komai ba. Zulaihatu ta tara matan a bayan labule ta gaya musu abin da ya faru da hotunansu, da abin da ta yi a kai. Wasu suka yi gunaguni, wata ta daina zuwa, sauran suka ce sai sun ji ta bakin Aina'u. Ita dai Zulaihatu ta rage magana. Ta share ragowar rabin hotunan, ta bar na Ɗayyabu kaɗai. In ta zo wucewa ta kan layin gogewar nan a cikin manhaja, sai ta yi sauri ta gangara ƙasa.

Ranar da Aina'u ta dawo aiki, Zulaihatu na bakin ƙofa tana gwada sabon batirin, da ƙaramar kwamfutarta a kan benci kusa da labulen mata. Ta ga zuwanta, ta miƙe ta gaishe ta, ta yi mata ya ƙarin haƙuri. Aina'u ta amsa, ta shiga bayan labule. Na'urar ba ta yi ƙarar da take yi in ta gane mutum ba, layin mata ya fara tsawo.

"Malama," Aina'u ta kira daga ciki. "Zo."

Zulaihatu ta leƙa. Aina'u na tsaye gefen kyamarar, ba ta ɗaga niƙabin ba tukuna.

"Wannan da za ta ɗauka yanzu, kada ki zubar."

"Yaya?"

"Na yi tunani a kwanakin nan. Ni ma ba ni da hoto ko ɗaya. Da Ɗayyabu nake taƙama a garin nan, in na ɓata, shi zai neme ni. Yanzu in na fita ban dawo ba, 'ya'yana da me za su bi gari? Su ce gajeriya ce mai baƙin niƙabi? Nawa kaɗai na ce. Na sauran yana nan a wuyanki yadda yake. Ki ajiye shi inda namiji ba zai gani ba, kuma inda ke ba za ki manta ba."

Zulaihatu ta ce to. Ta jawo kwamfutar ta shigo da ita bayan labulen, ta durƙusa ta ɗora ta a cinya. Ta nemo layin nan, ta dakatar da shi na hoto ɗaya. Idonta ya cika da ƙwalla har sai da ta goge kafin ta ga abin da take rubutawa.

"Na shirya, Yaya."

Aina'u ta matsa gaban kyamarar, ta ɗaga niƙabin da hannu biyu, ta tsaya ƙyam. Hoton ya fara gangarowa. Zulaihatu ta san yanzu akwai batiri, ita ta haɗa shi da hannunta, amma duk da haka ta riƙe numfashi tana addu'a a zuci. Bakin ɗankwali ya sauka, goshi ya biyo, sai idanu, irin na Ɗayyabu sak. Karan hanci ya fito, sannan baki, sannan haɓa.

"Ya sauka duka?" Aina'u ta tambaya, ba ta sauke hannunta ba.

"Ya sauka duka, Yaya."

Sannan ta saki niƙabin, ta ɗaga labule ta wuce wajen bokitanta.